Yadda Ake Shirya Tafiya Yawon Buɗe Ido Zuwa Tanzaniya Da Zanzibar, Daga Biza Har Dawowa Gida

Tun da na dawo daga Tanzaniya da tsibirinta Zanzibar mutane suke ta tambayata abu ɗaya, wai ya ake zuwa, nawa ake kashewa, da gaske ne akwai wahalar biza, akwai abincin halal, mace za ta iya zuwa da yaranta? Na amsa wa wasu ɗaya bayan ɗaya har na ga abin ba zai ƙare ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta komai a jere yadda ya kamata a bi shi. Kuma dan Allah a lura da jerin, domin yawancin waɗanda suka yi asara a wannan tafiya ba kuɗi suka rasa ba, gaba suka sa a baya, suka sayi tikiti kafin biza ta fito.

1. Fara da fasfo da biza, kar ka taɓa komai tukuna

Ɗauko fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa. Dole ya zama yana da sauran aƙalla wata 6 daga ranar da za ka shiga ƙasar, kuma da shafukan da ba a buga komai a kai ba. In ya kusa mutuwa to sabunta shi shi ne aikin farko.

Sai biza, nan ne gizo ke saƙar. Mutane da yawa suna jin labarin Turawa suna sauka filin jirgi su biya dala 50 a buga musu biza nan take, sai su ɗauka mu ma haka ne. Ba haka ba ne. Najeriya da Nijar da Chadi sun daɗe cikin jerin ƙasashen da Tanzaniya take ba wa abin da suke kira Referral Visa, ma'ana sai ofishin shige da fice na can ya duba takardunka ya amince kafin ka taso, ba a ba ka a filin jirgi. Su da kansu suna ba da shawarar a nema wata 2 kafin tafiya, kuma suna cewa kar a biya tikiti ko otal sai amincewa ta fito. 'Yan uwanmu na zango masu fasfon Ghana su sun huta, ba sa buƙatar biza in ziyarar ba ta wuce kwana 90 ba. Irin waɗannan dokoki ana sauya su, dan haka kafin ka cike komai ka leƙa shafin hukumar shige da fice ta Tanzaniya ko ka tuntuɓi ofishin jakadancinsu da ke Abuja ka ji matsayin fasfonka a ranar.

A intanet ake cikewa. Abin da za ka tanada: hoton shafin fasfo mai bayananka, hoton fuska mai kyau mai farin bango, bayanin inda za ka sauka, da takardar gayyata daga wanda zai karɓe ka, wanda yawanci otal ne ko kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can. Kuɗin bizar ziyara ta talaka dala 50 ne, da kati ake biya. In ka gama za su ba ka wata lamba, rubuta ta a takarda ka adana, da ita za ka riƙa duba ko ta fito.

Gargaɗi: akwai shafukan bogi da yawa masu kama da na gwamnati, suna karɓar ninki biyu ko uku. Ka tabbata adireshin shafin ya ƙare da go.tz. Sannan in ejan ne zai cike maka, ka zauna kusa da shi ka ga abin da yake rubutawa, harafi ɗaya in ya saɓa da na fasfo zai iya jawo maka tsaiko a filin jirgi. Bukin ɗin otal kuwa ka nemi irin wanda ake sokewa kyauta, kar ka tura kuɗi tukuna.

2. Allurar shawara da katinta

Wannan kana iya yinsa lokacin da kake jiran biza. Duk wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar shawara, irin su Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, sai ya nuna yalo kad a wurin shiga. A Najeriya ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne suke bayarwa, akwai su a filayen jirgi na Kano da Abuja da Legas, kana biya ta intanet ka fitar da risit ka je da fasfonka a yi maka allura. Dole allurar ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa, in ka taɓa yi lokacin wata tafiya to nemo katin kawai.

Gargaɗi: kar ka yarda wani ya ce zai kawo maka kati ba tare da allura ba. Ban da haɗarin lafiyarka, katin yanzu akwai lambar da ake dubawa a na'ura, kuma a Zanzibar musamman suna duba katin nan sosai.

Maganar sauro, mu mun saba cewa ai mun saba da maleriya, to sabo ba rigakafi ba ne, musamman ga yara da mai juna biyu. Ka ga likita kafin tafiya, ka tafi da man shafawa na korar sauro, ka kwana cikin gidan sauro, kusan kowane otal a bakin teku yana da shi a jikin gado. In kana shan maganin hawan jini ko suga ka tafi da wanda zai ishe ka cikin kwalinsa na asali da takardar likita. Magunguna masu ƙarfi irin su tramadol kar su shiga jakarka sam.

3. Zaɓi lokacin tafiya

Damina biyu suke da ita. Babbar daga Maris zuwa Mayu, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal na bakin teku ma rufewa suke, amma farashi yana sauka sosai. Ƙaramar kuma wajen Nuwamba zuwa Disamba, ruwan ba ya daɗewa. Lokacin da ya fi daɗi Yuni zuwa Oktoba, ba zafi sosai kuma dabbobi suna taruwa bakin ruwa an fi ganinsu, sai dai shi ne lokacin tsada. Janairu da Fabrairu akwai zafi mai gumi irin na Legas. Ƙarshen Disamba kuwa komai ninkawa yake.

In tafiyarka ta faɗo cikin azumi, Zanzibar gari ne na Musulmi kusan gaba ɗaya, gidajen abinci da yawa a cikin gari ba sa buɗewa da rana, ci a bainar jama'a ma ba a yarda da shi ba. Ga mai azumi abin daɗi ne, ga mai yara ƙanana sai ya shirya.

4. Yanzu ka sayi tikiti

Biza ta fito, ka yi firintin ɗinta kwafi biyu, to yanzu ne lokacin tikiti. Ga mu 'yan arewa hanya mafi sauƙi ita ce Ethiopian Airlines, suna tashi daga Kano da Abuja, haka ma daga Yamai da Njamena, a sauka Addis Ababa a canza jirgi. Akwai RwandAir ta Kigali, akwai Kenya Airways daga Legas ta Nairobi. Filayen jirgi uku ne za ka zaɓa a ciki: na Julius Nyerere a Darussalam, na Abeid Amani Karume a Zanzibar, da na Kilimanjaro wanda yake tsakanin Arusha da Moshi ga mai son manyan dazukan arewa.

Shawarata ka shiga ta Darussalam ka fita ta Zanzibar, tikiti ɗaya ake haɗa shi haka kuma bambancin kuɗin ba yawa, ka ga ka huta da komawa baya ranar tafiya. Dole tikitin ya zama na zuwa da dawowa, tun a Kano za a tambaye ka. Ka duba tsawon jiran da za ka yi a Addis, in bai kai awa ɗaya da rabi ba akwai yiwuwar kai ka wuce kayanka su kwana, shi ya sa kaya kala ɗaya da magani da caja su zauna a jakar hannu. Agogonsu yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 2.

5. Inshorar Zanzibar

Wannan mutane da yawa ba su san da ita ba sai sun isa. Tun 1 ga Oktoba 2024 duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshora daga kamfanin inshora na gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92. Ko kana da wata inshorar daga gida ba ta maye gurbinta. Ta intanet ake saya, su turo maka takarda mai lambar da ake haskawa da waya, ka fitar da ita a takarda ka haɗa da biza. In ka bari sai ka sauka, layi ne mai tsawo ga gajiya ga matsalar kati.

6. Kuɗi, wane iri kuma nawa

Naira ba ta da amfani a can, sefa ma haka, kar ka wahalar da kanka. Dala za ka riƙe, kuma sababbi masu tsabta, 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin sun fi samun canji mai kyau. Tsofaffin takardun dala, musamman na kafin 2009, da masu yagewa ko tambarin 'yan canji a jiki, sau da yawa ƙin karɓa suke, dan haka tun a Wapa ko Zone 4 ka tsaya ka duba kowace takarda ɗaya bayan ɗaya kafin ka bar wurin. Katin banki ka riƙe shi a matsayin na ko-ta-kwana, kar ka dogara da katin naira shi kaɗai, ka tambayi bankinka iyakar abin da zai bari ka kashe a waje. In kuɗin hannunka sun kai dala 10,000 sai ka bayyana wa kwastan.

Kuɗinsu shilingi ne, takarda mafi girma 10,000 ce, wadda take wajen dala 4, dan haka in ka canza dala 200 za a miƙo maka damin kuɗi, kar ka tsorata. Tun 2025 gwamnati ta tsaurara doka cewa cinikin cikin gida da shilingi za a yi, to ka canza isassu. A filin jirgi ka canza kaɗan na mota da ruwa, sauran a banki ko shagon canji mai lasisi a cikin gari, ka karɓi risit. Canjin bakin titi irin namu ba a yinsa a can, laifi ne, kuma nan ake cusa wa mutum jabu.

Lissafi na sama-sama ga mutum ɗaya, ban da tikiti: masauki mai tsabta na talaka dala 30 zuwa 60 a dare, abinci in kana cin na 'yan gari dala 10 zuwa 15 ta ishe ka a rana, in kuma gidajen abincin Turawa za ka bi to ninka sau uku. A Zanzibar akwai harajin 'yan daloli da ake ɗora wa kowane baƙo a kowane dare, wasu otal ba sa sa shi cikin farashin da ka gani a intanet sai ranar fita, ka tambaya tun farko.

Ga abin da ya fi ba mutanenmu mamaki: kasancewarka baƙar fata ɗan Afirka ba ya ba ka ragi a ƙofar gandun daji ko jirgin ruwa. Farashi mai sauƙi na 'yan ƙasa ne, a gandun daji kuma har da 'yan ƙungiyar ƙasashen Gabashin Afirka irin su Kenya da Uganda da Ruwanda. Kai da Bature kuɗinku ɗaya, kuma ana duba fasfo, kar wani ya ruɗe ka ya ce zai saya maka tikitin 'yan gida.

7. Haɗa kaya

Leda haramun ce a Tanzaniya tun 1 ga Yuni 2019, baƙar ledar nan da muke ƙunshe takalmi da ita cire ta, nemi jakar yadi. Kaya masu zanen kakin soja, ko wando ko hula ko na yaro ne, bar su a gida, farar hula ba ya sa su a can. Jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto sai da izini. Kilishi da dambun nama za a iya ƙwacewa a kwastan, yaji da garin kunu dai ba su cika zama matsala ba in an ɗaure su da kyau. Soket ɗinsu mai baki uku ne irin na Najeriya, 'yan Nijar su nemi adafta.

Sutura kuwa tamu ta dace da wurin ɗari bisa ɗari. Kaftani da hula, abaya da hijabi, babu mai kallonka sau biyu a Zanzibar, su ma kanzu da kofia suke sawa, matansu da baibui. Ka ƙara da silifas na roba mai kauri saboda teku, da rigar sanyi guda in za ka Arusha ko Ngorongoro, sanyin can da asuba ya kai na Jos.

8. Ranar sauka

Ka riƙe waɗannan a hannu ba cikin akwati ba: fasfo, takardar biza, yalo kad, tikitin dawowa, bukin ɗin otal, inshora. Za a fara duba katin allura, sai shige da fice su ɗauki hoton yatsu. Mai fasfon Najeriya wani lokaci akan ƙara masa tambayoyi, kwana nawa, ina za ka sauka, me ka zo yi, ka amsa a natse da abin da yake rubuce a takardunka, kar ka ce kasuwanci alhali bizar ziyara ce da kai. Ka duba kwanakin da aka rubuta maka a hatimi kafin ka bar gaban kanta.

Layin waya: Vodacom, Airtel, Yas ko Halotel. Ka saya a shagon kamfanin da kansa da fasfonka, kar ka sayi wanda aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Ka ce su buɗe maka asusun kuɗi na waya, M-Pesa in Vodacom ne, domin da shi ake biyan abubuwa da yawa. A Darussalam Bolt, manhajar kiran mota ta waya, yana aiki, har da bajaji, wato adaidaita sahu, da bodaboda wato acaɓa. A Zanzibar ka sa otal ya turo maka mota, ko ka yi ciniki da mai tasi kafin ka shiga, daga filin jirgi zuwa tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, bai kamata ya wuce dala 10 zuwa 15 ba. A hannun hagu suke tuƙi, in za ka tsallaka titi fara duba dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne a kwana biyun farko musamman in kana riƙe da yaro.

9. Harshe da agogo, nan ka natsu

Swahili zai yi maka sauƙi fiye da yadda kake zato saboda mun sha daga rijiya ɗaya ta Larabci. Ji ƙirgensu: ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini, themanini, tisini. Ka ga ai ba sai an fassara maka ba. Mia ɗari ne, elfu dubu, laki dubu ɗari. Habari labari, asubuhi safiya, nyama nama, karafuu kanumfari, Alhamisi da Ijumaa kuwa kamar a gida. Sallama ita ce gaisuwa a duk bakin teku. In ka ga dattijo ka ce shikamoo, zai amsa da marahaba, kuma za ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Bei gani shi ne nawa ne, punguza rage mini, asante na gode, hapana asante a'a na gode. Saurayi sa'anka kaka za ka ce masa, a wurinsu yaya ne ba kakanmu ba, mace dada, tsoho kuma babu.

Agogo ne tarkon. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne saa moja, ƙarfe 10 saa nne, 12 na rana saa sita. Wato bambancin awa 6 ne. Ni wani direba ya ce mini zai zo saa mbili, na fassara shi ƙarfe 2 na rana na fita sallar asuba na koma barci, ashe ƙarfe 8 na safe yake nufi, ya zo ya yi ta jira, rabin ranar ta tafi a banza. Duk wanda ya ba ka lokaci ka sa ya rubuta maka a waya da lambobi ya kuma faɗa safe ne ko yamma.

Sallah ma akwai abin lura. Alƙibla a can arewa take kusan sak, domin Zanzibar tana ƙasan Makka ne a taswira, kar ka shiga ɗaki ka fuskanci gabas bisa sabo. Yawancinsu Shafi'iyya ne, za ka ji liman yana bayyana bismilla, da asuba kuma a yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u. Akwai masallatan Ibadiyya su kuma suna sakin hannu. Ka bi liman kawai, babu mai tsangwamarka.

10. Ganin namun daji ba tare da ka karye ba

Kowa Serengeti yake ji, kuma ta cancanci sunanta, amma tana da nisa da tsada, kuɗin shiga kaɗai ya kai dala 70 a rana ban da haraji, ga mota ga kwana, daga Arusha ake tashi kuma mafi arhar tsari na kwana a tanti zai ci dala 200 zuwa sama kowace rana. In aljihu ya yarda ka ware kwana 4 ka haɗa da Tarangire mai giwaye da bishiyoyin kuka, da ramin Ngorongoro inda ake ganin karkanda.

In kuwa tafiyar farko ce kuma da iyali, Mikumi nake ba da shawara. Ka hau sabon jirgin ƙasa mai lantarki da ya fara aiki a 2024 daga Darussalam zuwa Morogoro, bai kai awa 2 ba, daga nan mota ta kai ka gandun cikin kamar awa 2. Kuɗin shiga bai kai rabin na Serengeti ba, kuma za ka ga giwa, raƙumin dawa, jakin dawa, ɓauna, dorina, in da rabo har zaki. Ka kwana ɗaya a kusa domin ka shiga da sassafe, da rana tsaka dabbobin inuwa suke nema. Tikitin jirgin ƙasan ka saya da wuri, yana ƙarewa.

Gargaɗi: kar ka tura wa kamfanin safari, wato masu kai baƙi ganin namun daji, kuɗi gaba ɗaya tun kana gida. Ka nemi lasisinsu, ka karanta abin da waɗanda suka bi su suka rubuta, ka ba da kafin alƙalami kaɗan, sannan a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa, kuɗin ƙofa, abinci, ruwa, kwana, man mota. Ka faɗa musu tun farko abincin halal kake so, a yankin Arusha ba kowane wuri ne za ka ɗauka haka nan ba. Cikin daji ba a fita daga mota sai inda direba ya ce, kuma al'ada ce a ba direba ɗan ihsani a ƙarshe.

11. Tsallakawa Zanzibar

Jirgin ruwa mai gudu na Azam Marine yana tashi daga Darussalam sau da yawa a rana tun ƙarfe 7 na safe, tafiyar kamar awa 2 ce, kujerar talaka ga baƙo wajen dala 35. Ka sayi tikiti a shafinsu ko a cikin ginin ofishinsu da kanka da fasfo. Bakin tashar cike yake da 'yan kamasho, wani zai ce ofis ya rufe, wani zai ce jirgi ya cika, wani zai fizgi jakarka ya ce taimako ne, ka ce hapana asante ka wuce. In za ka ba ɗan dako kaya ku yi ciniki tukuna. Ka ɗauki jirgin safe, da yamma teku ya fi hauka musamman Yuni zuwa Satumba, kuma mu da ba mu saba ba amai yake sa mu, ka sha maganin jiri rabin awa kafin tashi kar ka cika ciki. Ko da yake ƙasa ɗaya ce, a Zanzibar za a sake duba fasfo da katin allura da inshora.

Ka ba tsohon gari, wato Stone Town, kwana 2. Lungunansa za su tuna maka da cikin birnin Kano ko Zariya, mota ba ta shiga, ɓata kuma dole ne, amma duk inda ka bi za ka ɓullo bakin teku ko kasuwar Darajani. Ka ɗauki ɗan rakiya mai katin shaida na rabin yini ya nuna maka ƙofofin katako masu sassaƙa, tsohuwar ganuwar Ngome Kongwe, da wurin tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini da aka rufe a 1873, ka shiga ɗakunan ƙasan nan da ake tsare mutane, wuri ne da zai daɗe a ranka. Masu bin baƙi a titi suna tallan yawo, waɗanda 'yan garin suke kira papasi, ka rabu da su cikin mutunci.

Da magariba a je Forodhani cin abinci. Ka tambayi farashi kafin a zuba maka, ka zaɓi abin da aka gasa a gabanka, kifin da ya daɗe a tire ka bar shi. Ka ɗanɗana urojo, wani irin romo nasu, da mishkaki wanda tsire ne ƙanana, da ruwan rake mai citta da lemun tsami. Da rana ka nemi shinkafar pilau ko biriani a inda ka ga 'yan gari sun yi layi. In ka yi kewar tuwo ka ce ugali, tuwon masara ne sak sai dai ya fi namu tauri. Ruwan gora kawai za ka sha.

Yawon gonar kayan ƙamshi na rabin yini ne, za ka ga kanumfari da kirfa da masoro da gyaɗar ƙamshi a jikin bishiyarsu, matan gida za su ji daɗin wannan fiye da komai. Akwai tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, da dajin Jozani mai jan biri da babu irinsa sai a can, da tsohon masallacin Kizimkazi a kudu mai rubutun shekara ta 500 bayan hijira a bangonsa.

12. Bakin teku

Nungwi da Kendwa a arewa ruwan ba ya janyewa da nisa, ana iya shiga kowane lokaci, amma akwai hayaniya da kiɗa da shigar Turawa da ba lallai ka so yaranka su gani ba. Paje da Jambiani a gabas sun fi shiru, sai dai ruwan yana janyewa ya yi nisa sosai sannan ya dawo sau biyu a rana. Ga iyali ni Jambiani na fi so. Tasi daga gari zuwa ko wanne wajen dala 40 zuwa 50 ne, daladala kuwa, wato motar haya ta kowa da kowa, 'yan dubban shilingi ce kawai in ba ka da kaya da yawa. Kafin ka biya otal ka tambaya ko suna da mashaya da disko in abin zai dame ka.

Gargaɗi mai nauyi: yawancinmu ba mu iya ruwa ba. In ruwa ya janye mutum sai ya yi ta takawa cikin yashi yana ɗaukar hoto har ya yi nisa, dawowar ruwan kuma da sauri take. Ka tambayi ma'aikatan otal lokacin dawowarsa kullum. Kar ka hau kwalekwale ba rigar kariya a jikinka, ba a ajiye a gefe ba, kuma ka duba akwai ta yara. Cikin ruwan akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, shi ya sa na ce silifas mai kauri. Da dare kar a yi yawo a bakin teku inda ba haske, fasfo da yawancin kuɗi su zauna a akwatin ajiya na otal, ka riƙa yawo da kwafi.

Hoto: ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da 'yan ƙabilar Masai, wasu za su nemi kuɗi. Barikin soja, ofishin 'yan sanda, fadar shugaban ƙasa, kar ka ɗaga waya a wurin.

13. Tsaraba da komawa

Kayan ƙamshi a Darajani za ka saya ba a gona ba, sun fi arha nesa ba kusa ba, ka sa a like maka su cikin takarda ko gwangwani. Atamfarsu mai suna kanga bibbiyu ake sayarwa kuma kowace da rubutun karin magana a gefe, ka sa a fassara maka kafin ka saya wa surukarka domin wasu habaici ne. Akwai kofia mai aikin hannu, gahawa, da man kanumfari. In ta Darussalam za ka fita, kasuwar Kariakoo ita ce Kwarinsu, ka riƙe wayarka da kyau a cikin cunkoso. Dutsen ado na tanzanite sai a shago mai lasisi da takardar shaida. Ƙwanson teku, murjani, fatar dabba, haƙori ko wani abu na hauren giwa, ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, a filin jirgi kamu ne.

Ka ƙarar da shilinginka ko ka mayar da su dala kafin ka wuce shige da fice, in ka kawo su gida babu mai canza maka. Ka sake duba ranar da aka rubuta maka a hatimi, wuce ta ko da kwana ɗaya tara ce mai nauyi. In jirginka daga Darussalam zai tashi kana Zanzibar, ka tsallako tun jajibiri, kar ka dogara da jirgin ruwan ranar, kuma ka bar masauki da wuri saboda cunkoson hanyar filin jirgi, ka isa awa 3 kafin tashi.